Kwana huɗu a Damagaram saboda 'yar mota mai idon kwaɗo

Sai da taubashina ya kira ni sau uku kafin na yarda zan je Damagaram. A kira na ukun ne ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, aikin ne ya fi ƙarfinka. Dama Bakano a waya yake da baki." Ɗan kawuna ne, ba damar in yi fushi, sai dai in rama. Na ce masa ya sa a dama fura, ina nan tafe ranar Laraba.

Yana da wata 'yar mota Mazda MX-5, ƙirar farko wadda aka soma fitarwa a 1989, mai kujera biyu da rufin tanti. Fitilunta a kwance suke cikin bonet, sai an kunna su suke ɗagowa kamar idon kwaɗo. Daga Beljiyam ya taho da ita, inda ya yi shekaru yana loda tsofaffin motoci zuwa Kwatano. Injinta na asali mai lita 1.6 ya buga tun bara. Maimakon ya nemi irinsa, sai ya kafe a kan injin Honda Accord zai saka, wadda mu a Kano muke kira EOD, mai lita 2.4. Makanikai da masu walda sun gama nasu, inji ya zauna daram, amma ya ƙi tashi. Ni kuwa wayarin mota ce sana'ata, shekara 17 ke nan.

Kayan da na ɗauka ba su cika jaka ɗaya ba: ƙwaƙwalwar injin, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, makullinta, zoben da ke karanta makullin, da damin wayoyi. Amma mako uku na yi ina zarya a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin in haɗa su. Yawancin EOD da ke yawo a ƙasarmu masu canja giya da kansu ne, ni kuwa ta mai giyar hannu nake nema, kuma dole ƙwaƙwalwa da makulli da zobe su fito daga mota ɗaya. In ka haɗa na wannan da na waccan, injin zai yi ta juyi har batir ya mutu, ba zai kama ba.

Bayan sallar asuba muka bar Kano a wata tsohuwar Sharan, ga sanyin hunturu ga hazo. Dambatta, Kazaure da Daura duk a gyangyaɗi na wuce su. Daga Kongolam, bakin iyakar Nijar, ne tafiya ta zama tafiya. Nan na canja kuɗi, na miƙa damin naira mai kauri aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su hana walat rufuwa ba, jikina ya yi sanyi.

A wani shinge bayan mun tsallaka, wani jami'i ya buɗe jakata ya ga ƙaramin akwatin ƙarfe wayoyi sun fito masa ta ko'ina. Ya ja da baya taku ɗaya. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na sake kallon abin da idonsa sai na ga bai yi kama da kayan arziki ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaƙwalwar mota ce." Ya ce mota har ƙwaƙwalwa gare ta? Na nuna masa bidiyon motar a waya, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta maimaita wurin da fitilun ke ɗagowa suna dariya. Minti 20 muka yi a nan, sauran fasinjoji suna harara ta, sannan ya ɗaure jakar da kansa ya ce in gaida mai motar.

A Matamaye aka tsaya cin abinci, a nan lissafi ya fara kwance mini. Na sayi dambu da zogale, mai abincin ta ce dala arba'in. Na ƙirga tamma arba'in a raina na ce kai, Nijar akwai araha. Ashe dala ɗaya tamma biyar ce, kuɗin abincina sefa 200 ke nan. Dubu ɗaya kuma jika suke ce mata, alhali mu a Kano in tsoho ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Har na baro ƙasar, kafin in biya kuɗin komai sai na tsaya ina motsa baki kamar mai lazimi. Muka wuce Kance, muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai a Takeita, daga nan saura wajen kilomita 50. Tafiyar duka ba ta wuce kilomita 240 ba, amma sai bayan la'asar na hango duwatsun nan na Zinder, wato Damagaram, manya-manya a jibge kamar an sauke buhunan gero.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan kawu a Zango. Aka ba ni ɗakin zaure, aka kawo ruwan wanka rabin bokiti. Na kalli bokitin na kalli yaron da ya kawo, ya ce yau kwana biyu famfo bai zo ba, wannan ma daga 'yan ga-ruwa aka saya. Mu ma a Kano muna kukan ruwa, amma a can na ga ana tattalinsa kamar man shanu. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi awaki ake kai wa.

Bayan isha'i taubashina ya leƙo ya ce in shirya za mu fada. Na ce fada da daddare? Ya ce ai yanzu ne take cika. Na fito da shaddata guda ɗaya da na taho da ita, na kafa hula, na fesa turare, a zatona gaisuwa za mu kai wa Sarkin Damagaram. Shi kuma ya gan ni ya yi gum. Muka sha kwana biyu, sai ga mu a gindin wata bishiyar dogon yaro, samari a kan benci da tabarma, ana hura gawayi a ɗan murhun waya ana dafa shayi. Ashe abin da muke ce wa majalisa shi suke kira fada. Ya gabatar da ni da cewa ga wakilin Sarkin Kano ya kawo caffa. Har na dawo gida ba wanda ya kira ni da wani suna in ba Wakili ba. Shayin dai ya biya ni: zagaye uku a 'yan ƙananan kofunan gilashi, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi kamar zuma.

Washegari Alhamis, ranar da Kasuwar Dole ke cika, muka kutsa ta cikin amalanken shanu da raƙuma zuwa garejin. Mai garejin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Motar na can ƙarshen rumfa an lulluɓe ta da tsohon zane. Da aka yaye, abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Wannan ai ta wasan yara ce." Rufinta bai wuce ƙirjina ba. Baba ya ce in tura ta da hannu ɗaya. Na tura, ta tafi. Ba ta kai tan ɗaya ba, alhali Accord da aka ciro wa irin wannan injin ta doshi tan ɗaya da rabi. Injinta na da ƙarfin doki wajen 115 yake bayarwa, sabon kuma 160. Ka ɗauke wa jaki rabin kayansa, ka kuma ƙara masa dusa.

Da na leƙa ƙarƙashi sai na daina raina aikin mutanen. A cikin Accord injin a gicciye yake, tayoyin gaba yake ja. A Mazda kuwa dole ya kwanta a tsaye, daga gaba zuwa baya, domin tayoyin baya ne ke tura ta. Wannan juyin kaɗai ya haifi matsala goma. Bakin injin Honda bai dace da giyabos ɗin Mazda ba, sai da suka zana ramukan kusoshi a kwali, aka yanka faranti mai kauri aka huda shi ya shiga tsakani. Kaskon baƙin mai ya ci karo da ƙarfen sitiyari, aka yanke shi aka sake masa siffa. Injin ya fi na da tsawo, bonet ya ƙi rufuwa sai da aka shafe ƙarafan cikinsa. Salansa kuma ta koma ɗaya gefen, daga hagu zuwa dama. Taubashina ya ce a Amurka akwai kamfanonin da ke sayar da duk waɗannan a shirye, ka ɗaura kawai. Baba ya ce shi ma kamfani ne, allo ne kawai bai kafa ba.

Wuyar da na sha ta farko ba ta waya ba ce, ta baki ce. Na ce a miƙo mini sifana, yaron ya tsaya yana kallo na, ashe kile suke cewa. Fulogi buji ne, fetur isansi, giyabos kuma bwat. Hausa ɗaya muke yi, amma da an buɗe bonet sai Ingila da Faransa su shiga tsakaninmu. Zuwa azahar mun koma nuni da yatsa.

Kwana ɗaya da rabi na yi a kife, kaina a ƙarƙashin sitiyari ƙafafuna a kan kujera. Abin da ya taimake ni shi ne sun yi dabara sun sayi injin shekarun 2003 zuwa 2005, wanda totur ɗinsa da waya ake ja, ba irin na baya ba da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Na ware wayoyin da inji ke buƙata, na datse na gilashi da na na'urar sanyi da sauran tarkace, na haɗa famfon mai da fanka da agogon zafi. Makullin Honda kuwa na cusa shi cikin zobensa na naɗe da salatif na ɓoye a bayan dashbod, don ƙwaƙwalwa ta riƙa ganin makullinta a kusa kullum, mota kuma a tashe ta da makullin Mazda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce a murɗa. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Na duba, wayar da ke kai wuta jikin inji na bari a kan fenti. Na kankare wurin da wuƙa na ɗaure. A murɗawa ta biyu ta kama da wata irin ƙara da ta sa awakin maƙwabta tsinke igiya, don salansar ba ta da tukunya tukuna. Yaran gareji suka yi ta tsalle. Baba bai ce komai ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan injin yana saurare kamar mai duba zazzaɓi.

Da yamma taubashina ya zaga da ni Birni, na ga fadar gaskiya a wannan karon, da gidajen ƙasa masu zane a fuska irin na cikin birnin Kano. Nan ne babban birnin Nijar har 1926, kafin Turawan Faransa su mayar da shi Yamai, kuma mutanen garin ba su manta ba, ko ba ka tambaya ba za a gaya maka. Muka tsaya gidan mai muka cika jarka biyu. Lita ɗaya saura tamma ɗaya ta cika dala ɗari, man kuma na matatar SORAZ ne da ke arewa da garin, wadda ta fara aiki a 2011. Na tuna shekarun da fetur ɗinmu ne ke tsallakowa nan a jarkoki, kafin a cire tallafi a 2023.

Asabar da sassafe muka fita ta hanyar Tanut. Tun a Kano nake tambayarsa a ina za a gwada motar, don na rantse ba zan shiga ba in a kan titin mutane ne. Ashe ya riga ya nemi izinin mai wani fili, fako ne shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda ko ciyawa ba ta fitowa. Sun jera tsofaffin tayoyi sun fitar da zagaye mai kwana tara, tsawonsa bai fi kilomita ɗaya ba. An sa samari huɗu a gefuna da tsummoki ja, aikinsu korar awaki da yara, da ɗaga tsumma in wani abu ya shigo. Ya ce haka ya gani a filin tsere na Spa a Beljiyam, mai tsawon kilomita 7, inda akwai ranakun da mutum zai biya kuɗi ya shiga da motarsa. A can sai an duba maka birki da taya, ka sa hular kwano, ka san ma'anar kowace tuta, kuma kowa gefe ɗaya yake bi. A bayan kujerun ya sa an yi waldar ƙarfe mai kauri kamar ƙofa, saboda motar da ba ta da rufin ƙarfe in ta kife, kan direba ne rufin. Hular kwanon kuwa ta wani ɗan kabu-kabu ce, muka ba shi jika ɗaya ta yini.

Shi ya fara, ya yi zagaye biyar yana tayar da ƙura, mafi kyau a ciki daƙiƙa 58 a agogon waya. Sannan ya miƙo mini hula ya ce, "Wakili, bisimilla."

Shekara 20 ina tuƙi, amma duk motocin da na saba da su tayoyin gaba ne ke ja. Zama ma daban ne, kamar a kan tabarma kake, ƙafafu a miƙe, in ka sa hannu waje za ka iya taɓa ƙasa. Na saka giya ta biyu na taka, sai na ji kamar an hankaɗa ni ta baya. Kwana ta farko da ta biyu lafiya. A ta uku na shigo da gudu, na ga tayoyi na matsowa, na taka birki a tsakiyar kwanar, na sake, na kuma danna totur don in fice. Bayan motar ya zarce gabanta. Na ga fili, na ga rana, na ga samari, na sake ganin fili, sannan komai ya tsaya, ƙura ta rufe ni ruf, inji ya mutu. Ban bugi komai ba sai taya ɗaya da ta gangara can. Ta cikin ƙurar nake jiyo muryar taubashina yana cewa a kawo wa Wakili ruwa, ya yi juyin waina.

Baba ne ya zo ya buɗe ƙofa ya ce in koma ɗaya kujerar. Mutumin nan ya haura 60. Ya ce yana yaron mota a Agadas lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Tenere, ya ga masu gudu iri-iri, kuma yawancin waɗanda aka kwaso a bayan babbar mota masu nauyin ƙafa ne. Ya ja motar kamar mai kai amarya. Kafin kowace kwana, tun motar na miƙe, yake gama taka birkinsa. Sai ya buɗe can gefen waje, ya yanko ciki har ya kusa shafar tayar da ke tsakiyar kwanar, ya bar motar ta sake fita waje da kanta. Totur kuwa a hankali yake ƙara shi, daidai da yadda yake warware sitiyari. In bayan ya fara zamewa, sai ya ɗan juya sitiyari ta gefen da yake zamewa, ƙafarsa ba ta ɗagawa gaba ɗaya. Yana yi yana magana: "Ɗana, kada ka kalli abin da kake tsoro. Kalli inda kake son zuwa, hannu zai bi ido." Ni a raina na ce tsoho yana lallaɓawa ne saboda ni. Da muka tsaya aka duba waya, daƙiƙa 53. Taubashina ya ce agogon ne ya samu matsala, aka sake, Baba ya yi 52.

Na koma na yi zagaye kusan goma ina bin abin da ya ce. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne in hana ƙafata abin da take so. Ƙarfin da muka sha wahalar sakawa, a kan wannan fako rabinsa ma ba ya isa ƙasa, taya ce kawai ke juyawa a banza tana haƙa rami. Da na koma shiga kwana da giya ta uku maimakon ta biyu, motar ta natsu, na sauko daga 71 zuwa 61. A nan na tsaya, ban kuma ƙara juyin waina ba sai sau ɗaya.

Wajen ƙarfe 11 matsaloli suka fara fitowa. Allurar zafi ta haura, muka tsaya. Iska ce ta maƙale a bututun ruwa na bayan inji, wanda juyin da aka yi wa injin ya mayar da shi can jikin bango. Muka ɗaga gaban motar a kan tudu, aka buɗe lagireto bayan ya huce, aka yi ta matsa tiyo har kumfa ta daina fitowa. Matatar iska kuma da muka ciro ta, ta yi ja kamar an tsoma ta a garin barkono. Bayan an koma, taubashina na cikin zagaye na huɗu sai muka ji giya na ƙara, ya gangaro gefe yana cewa kuloci ya tafi ƙasa bai dawo ba. Na shiga ƙarƙashi na ga dalili. Bututun man kuloci na Mazda ta gefen dama yake bi, can inda babu zafi a da, yanzu kuwa salansar Honda ta dawo gefen, tsakaninsu bai fi yatsa biyu ba. Man ya tafasa, kuma tsohon mai ne da ya sha danshi, irinsa ba ya jure zafi. Mu uku muka kwana biyu a kan motar nan ba wanda ya lura, har da ni da na fi kowa daɗewa a ƙarƙashinta. Muka jira ya huce a inuwar wata aduwa muna cin kilishi da burodin nan nasu dogo mai ɓawo. Baba ya aika yaro ƙauyen da ke kusa ya sayo murfin tukunyar alminiyam dala sittin, ya yanka shi ya lanƙwasa ya ɗaure tsakanin salansa da bututun. Da shi muka koma gari, a hankali, ina biye da su a kan babur ina shan ƙura.

Daren nan a fada ba a yi wata hira ba sai ta motar. Taubashina ya ce abin da ya rage shi ne a ƙara mata ƙarfi. Baba ya ce giyar bayanta ta ƙirar 1.6 ce, ƙarama ce, ranar da ta hau kwalta taya ta kama ƙasa sosai, haƙoranta za su zube, gara a nemo ta ƙirar 1.8 tukuna, a sake birki, a zuba sabon mai. Aka tambaye ni, na ce ina bayan Baba. Taubashina ya ce dama wanda ya yi juyin waina ba ya neman ƙarin wuta.

Lahadi da safe matar kawu ta cika mini leda da kilishi da alkaki, taubashina ya biya kuɗin mota jika shida, ya kuma cusa mini wasu a aljihu, na ƙi, ya ce ba kuɗin aiki ba ne, na wankin shadda ne. A shingen nan na ranar Laraba na tarar da jami'in nan, ya gane ni, ya ce ƙwaƙwalwa ta yi aiki? Na nuna masa bidiyon Baba, na ɓoye nawa.

Muna shiga Daura layin wayata ya dawo, sai ga kira. Taubashina ne. Ya ce jiya da daddare ya kunna fitila zai kai ta gareji, ido ɗaya ya ɗago, ɗayan ya ƙi, yanzu duk Zango ana cewa motarsa na kashe wa 'yan mata ido. Na yi shiru ina tunani, sai na tuna wata waya ruwan toka da na datse ranar Alhamis na ce zan dawo kanta. Na ce masa akwai ɗan maɓalli a jikin motar fitilar, ya murɗa shi da hannu idon zai tashi, sauran kuma sai bayan Sallah in na zo da giyar bayan.